Ke Kaɗai Kika Iya Allurar Mama

Kujeru uku nas Wilma ta jawo gaban teburin kicin, saboda 'ya'ya uku aka ce mata tsohuwar tana da su. Alida kaɗai ta zauna. Wanta Egbert, wanda gonar take hannunsa, yana can rumfar shanu, wai wata saniya ce take naƙuda. Ƙaninsu Koen kuwa daga Zwolle ya turo saƙo cewa taro ya riƙe shi a ofis, amma zuciyarsa tana tare da su.

"Mu ɗan jira su?" in ji Wilma.

"In jiran su za ki yi, gara ki aika gida a kawo miki kayan barci," in ji Alida. "Fara kawai."

Mahaifiyarsu, Geertje, tana kan kujerarta ta bakin taga, hannaye bisa ciki, tana bin su da ido. Mace ce mai jiki, ta haura tamanin. Ciwon suga ya daɗe da ita, ga kuma mantuwa ta fara shigowa. Yau ta san kowa, gobe ta tambayi me ya sa mijinta, wanda ya daɗe a kabari, bai shigo shan kofi ba.

Wilma ta ciro wani abu daga kwali mai kama da ƙaton biro, ta ajiye a gaban Alida.

"Alƙalami muke ce masa. Jikin mamanku ya daina jin insulin ɗin da kuka saba, shi ya sa likita ya sa aka yi odar wannan. Ƙarfinsa ninki biyar ne. Ɗigo ɗaya nasa, ɗigo biyar ne na wancan. Ki ɗaura sabuwar allura a bakinsa, ki murɗa gindin har sittin ta fito a 'yar tagar nan, ki soka a ciki, ki danna, ki ɗan dakata kafin ki zare. Sau uku a rana, kafin abinci. Kuma abincin dole ya shiga, ko tana so ko ba ta so."

Ta sa Alida ta gwada a jikin soso, ta sake, ta sake, har ta iya. Ta nuna mata maganin gaggawa da ake fesawa a hanci idan sugan ya faɗi har mutum ya suma, ta ce a irin wannan hali kada a kuskura a ɗura mata komai a baki. Sannan ta dafa hannun Alida.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ko alƙalamin ya ƙi, ko ya karye, ko me ya faru, kada wani ya zuƙo maganin daga cikinsa da sirinji. Layukan jikin sirinji don na da aka zana su. In kin ja zuwa sittin, ɗari uku kika ba ta. Akwai tsofaffin sirinji a gidan nan?"

Akwai mana, aljihun tebur guda cike. Wilma ta juye su a leda ta ce a mayar kantin magani.

"Ko buɗe su ba a yi ba fa!" Geertje ta ɗaga murya daga bakin taga. "A gidan nan ba a zubar da abu mai kyau."

Daidai nan Egbert ya shigo shan kofin safe, ya bar takalman roba a bakin ƙofa, ya tako da safa. Ya leƙa ledar, ya ɗauka ya cusa a aljihun rigar aikinsa.

"Maruƙa suna so," ya ce.

"Tunda ga ku, ku zauna in nuna muku," in ji Wilma. "Ba zai ɗau lokaci ba."

Egbert ya yi dariya. "Ni za a koya wa allura? Tun kina rarrafe nake yi wa shanu. Wannan aikin Alida ne, ita ce mai laushin hannu."

Ya kurɓe kofinsa a tsaye ya fita.

To, daga ranar ne aka ɗaure Alida, ba da igiya ba. Dama zuwa ta yi na ɗan lokaci daga Assen, inda take da ɗakinta da aikinta a ɗakin karatu, don ta taya Mama jinyar wani ciwon ƙafa. Yanzu ranarta ta rabu gida uku, kowane gida da allura a bakinsa. Ta auna suga, ta yi allura, ta lallaɓa tsohuwa ta ci abinci, ta wanke kwanuka, kafin ta miƙe bayanta wata allurar ta ƙarato. Iyakar tafiyarta kantin ƙauye a kan keke, ta dawo tana haki. Aikin ta ajiye. Ƙungiyar waƙar da take zuwa ranar Laraba sun yi ta kira har suka gaji.

Ba wai ba ta yi magana ba. Ta yi. Gidan Egbert ga shi nan tsallaken tsakar gona, taga na kallon taga. Ta je ta samu matarsa Tineke tana shanya.

"Ki koyi ta rana kawai, Tineke. Ko sau ɗaya a mako, in ɗan sha iska."

"Wayyo Alida, ni ko jinin yatsa na gani jiri nake ji. Kuma kin san ba ni ta haifa ba. In wani abu ya faru, wa za a ce? Surukar nan ce."

Koen yakan zo wata Lahadin da furanni. Ya sumbaci Mama a kumatu, ya ɗau hoto da ita, ya rungume Alida ya ce ita jaruma ce, shi bai san yadda take yi ba. In ta ce to zo in nuna maka yadda nake yi, sai ya ɗaga hannaye sama.

"Rufa min asiri! Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba?"

Egbert kuwa alfahari ya mayar da abin. A bakin coci, bayan an tashi, sai ka ji shi yana gaya wa mutane cewa maganin Mama ba na wasa ba ne, ko nas-nas ba kowace ce ta san shi ba, Alida kaɗai ta iya. Mutane su gyaɗa kai, su ce iyalin Oosting dai sun san darajar uwa, ba su kai ta gidan tsofaffi ba. Alida tana tsaye tana duba agogo, ta yi murmushi, ta hau keke ta riga kowa gida. Takaici yana cin ta, amma da wa za ta yi faɗa? Duk yabon ta ake yi.

A farkon watan Mayu idonta na dama ya fara. Da fari wasu baƙaƙen ɗigo ne suke yawo a gabanta kamar ƙananan ƙudaje, har takan kai hannu ta kore su. Sai walƙiya a gefen idon in ta juya kai. Wata safiya tana murɗa alƙalamin ta ga wata inuwa ta tsaya a kusurwar idon, ta ƙifta, ta murza, inuwar ba ta gusa ba. Likitan ƙauye yana haskawa ya ce ta tafi asibitin ido na birni a ranar, ba gobe ba.

Ta yi allurar rana, ta roƙi Tineke ta riƙa leƙowa, ta bi bas. Likitar idon, wata matashiya mai magana ba kwana-kwana, ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mata.

"Tantanin da ke bayan idonki ne ya fara ɓallewa daga gefe. Yanzu ana iya mayar da shi. In ya kai tsakiya, abin da ya tafi ya tafi. Jibi nake son ganin ki a ɗakin tiyata. Za mu sa miki kumfar iska a cikin idon ta danne shi, sai ki yi kwanaki kwance rub da ciki, fuska ƙasa, ba ɗaga kaya, ba zirga-zirga. Akwai mai kula da ke a gida?"

Alida ta kusa yin dariya. Ta ce akwai 'yan'uwa.

Ta dawo a makare, idanu cike da maganin da aka ɗiga mata, duniya duk ta yi fari fat. Ta tarar Mama ta gaji da jira ta cinye rabin gwangwanin biskit. Egbert yana tsakar gona yana shafa wa injin yankan ciyawa giris.

"Ina kika tsaya? Mama tana ta kiran ki."

Ta gaya masa abin da likita ta ce. Bai ɗago ba sai da ta ce jibi.

"Jibi? Jibi fa kika ce? Ɗaga kai ki dubi sama. Rana za a yi 'yan kwanakin nan, sannan ruwa. Yankan farko ne, Alida, abincin shanun na duk lokacin sanyi. In na rasa shi me za su ci, furannin Koen?"

"Ido ne fa, Egbert."

"Likitocin birni komai a wurinsu gaggawa ne. Ki bari a shigar da ciyawa, ni da kaina zan kai ki a mota."

Ta kira Wilma. Wilma ta ce ma'aikatansu sun yi ƙaranci, da ƙyar za ta samo mai zuwa da safe, sau uku kam ba zai yiwu ba. Amma akwai gado a gidan kula da tsofaffi na ƙauyen gaba, ana karɓar mutum na ɗan lokaci don mai jinya ya huta. Da Egbert ya ji, sai da jijiyar wuyansa ta tashi.

"Muddin ina numfashi uwata ba za ta kwana a gidan nan ba. Ubanmu a gadonsa ya mutu, kakarmu ma haka. So kike ranar Lahadi a riƙa nuna ni da baki?"

Geertje kuwa, wadda ta manta abin da ta ci da rana, wannan maganar ta kama ta tsaf. Ta riƙe hannun rigar Alida tana kuka.

"Kada ki kai ni can, yarinya. Can ake kai mutane su mutu. Me na yi miki?"

Koen a waya ya ce abin ya taɓa shi sosai, amma yara suna jarrabawa, kuma ta san halin matarsa. Ya tambaya ko ba za a iya ɗan ɗagawa ba.

Ta ɗaga. Matar da ta amsa wayar a asibiti ta ce, "Kin fahimci abin da likita ta gaya miki kuwa?" Alida ta ce ta fahimta.

Sai ruwan ya riga lokacinsa. Ya sauko kafin a yanka ko layi ɗaya, ya zauna, kullum yayyafi, ƙasa ta jiƙe yadda tarakta ba za ta shiga ba. Ciyawa tana jiran rana, idon Alida yana jiran ciyawa. Inuwar ta baro kusurwa. Ta cinye gefen kabad, ta cinye agogon bango. Ranar da Alida ta rufe idon hagu ta dubi mahaifiyarta ta ga rabin fuska kawai, sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kuka. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma babu wanda za ta gaya wa wanda bai riga ya sani ba.

Wilma ce ta gaji. Ta zo duba ƙafar Geertje ta ga Alida tana zuba kofi a gefen kofin, a kan tebur. Ta fita cikin ruwa da fararen takalmanta ta nufi rumfar shanu. Daga kicin ana jiyo muryarta. Ta dawo da Egbert a bayanta, fuskarsa ja.

Aka tsara. Nas za ta zo da safe. Wilma da kanta za ta biyo da yamma in ta tashi aiki, ba ruwan ofis. Tineke za ta riƙa kawo abinci. Ta rana kaɗai aka bar wa Egbert.

"Yanzu ku zauna ku riƙe shi da hannunku," in ji Wilma.

Bai zauna ba. Ya jingina da ƙofa, wayarsa tana ta ƙara, mai injin kwasar ciyawa ne yake nema.

"Ina gani daga nan. Sittin, ko? Sittin. Na ji."

"Ƙarfinsa ninki biyar ne. Kada a taɓa..."

"Baiwar Allah, na ji. Saniyar da ta fi Mama nauyi sau shida nake yi wa allura a jijiya, ita kuma tana harbi." Ya kara wayar a kunne ya fita.

Aka yi wa Alida aikin, aka sallamo ta a ranar da bandeji a ido. Ta hau sama ɗakinta, ta kwanta rub da ciki, goshi a kan wani matashi mai rami a tsakiya, ba abin da take gani sai zanin gado. Washegari kuwa rana ta fito tas, irin wadda manoma suke ta jira. Tun da sassafe ƙarar tarakta ta cika ƙauyen.

Wanda yake kwance fuska ƙasa da kunne yake rayuwa. Ta ji nas ɗin safe ta zo ta tafi. Ta ji Tineke ta ajiye kwano ta ce ta wuce aiki. Da rana ta take ta ji tarakta ta tsaya a tsakar gona ba a kashe ta ba, ƙofar baya ta buɗe, Egbert yana cewa, "Ɗaga rigar, Mama, sauri nake." Shiru. Sai tsaki. Sai zagi ƙasa-ƙasa. Garin sauri ya ɗaura allurar a karkace ta lanƙwashe, ya danna gindin alƙalamin ya ƙi tafiya. Sabbin allurai suna nan cikin gwangwani a kan firij, da ya ɗaga murya ya tambaya da an gaya masa. Amma Egbert ya tambayi ƙanwarsa yadda ake allura? Ƙofar baya ta sake buɗewa, takunsa ya yi wajen rumfar maruƙa, ya dawo.

"Egbert?" ta kira cikin matashi. "Lafiya?"

"An gama. Yi kwanciyarki."

"Sittin ka ba ta?"

"Sittin cif."

Tarakta ta tafi. Alida ta sauke ajiyar zuciya, har ta ji kunyar zargin da ta yi masa.

Geertje takan bar rediyo a kunne bayan abinci, tana yi wa masu magana gardama. Alida tana jin ta, tana jin ta, sai ta lura rediyon ne kaɗai yake magana. Can sai ƙarar kofi ya faɗi ya fashe, sannan wani abu mai nauyi ya sulale.

"Mama?"

Ta lalubo waya ta kira Egbert, tana ta ringi cikin ƙarar inji ba mai ji. Ta kira Tineke, a kashe. Likita ta ce kada ta tashi sai zuwa banɗaki. Ta san abin da tashin zai iya jawo mata, ta sani sarai. Ta tashi.

Ta sauko matakala tana dafa bango, kai a sunkuye. Geertje tana ƙasa tsakanin kujera da bango, fuska ta yi toka-toka, gumi ya jiƙa rigarta sharkaf, numfashi yana fita da gurnani. Rabin dankalin da Tineke ta kawo yana nan a kwano. A kan tebur ga alƙalamin, ga kuma sirinji a gefensa, irin na da.

Alida ba ta yi ihu ba. Ta ɗauko maganin hanci ta fesa mata. Sai juya ta gefe guda don kada ta shaƙe. Ta durƙusa, ta sa kafaɗa, ta tura wannan ƙaton jiki da duk ƙarfinta, ta ji abin ya amsa mata har cikin idon. Ta kira motar asibiti, ta gaya musu sunan maganin, ta ce an zuƙo shi da sirinji, ɗari uku ne ya shiga. Da motar ta fita da su, ta hango Egbert can ƙarshen fili yana juya tarakta, ciyawa tana zuba a bayansa layi-layi gwanin kyau.

Geertje ba ta mutu ba. Aka ɗaura mata ruwan suga, aka yi ta ƙarawa, don maganin ya daɗe yana aiki a jikinta. Amma da ta farfaɗo ba ta san inda take ba. Ta fizge robar hannunta, ta mari wata nas, tana ta ƙwala kiran Alida. Suka ce don Allah ta zauna kusa da ita, in ba haka ba sai dai su ɗaure tsohuwar. Ta zauna. Takan kifa goshi a bakin gadon ko ta ɗan cika umarnin likitarta, sai Geertje ta kamo gashinta ta ɗago ta.

"Dube ni mana, yarinya. Me ya sa kike ɓoye min fuska?"

Sai da ciyawa ta shiga rumbu aka rufe ta da leda sannan Egbert ya zo, hula a hannu, yana ƙamshin sabon yanka. Ya tsaya a ƙarshen gadon yana kallon uwarsa, idonsa ya kawo ruwa, don ba wai ba ya son ta ba ne.

"Sittin aka ce min, sittin na ja," ya ce. "Wa zai yi magani irin wannan ya sa a gidan mutane? Kuma ke kina sama kina jin komai, da kin sauko kin duba."

Ba wanda ya kai ƙarar kowa. Kuskure ne, haka aka rubuta, haka aka faɗa a coci, aka yi wa iyalin Oosting addu'a. Fasto ya yaba wa Alida. Wilma ta ce za ta sake zuwa ta koyar, wannan karon kowa sai ya riƙe alƙalamin da hannunsa. Tineke ce ta ba ta amsa a bakin ƙofa: bayan abin da ya faru, Egbert ko barci ba ya iya yi, zalunci ne a sake ɗora masa. Su dai sun koyi darasi, ba mai sake taɓa maganin nan sai wadda ta iya.

Kun ji fa. Da can ba su koya ba don ba su ga dalili ba, yanzu kuma sun samu dalilin da ya fi kowane ƙarfi. Ba wanda ya taɓa zagin Alida a gidan nan, ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya kulle mata ƙofa. Kowa dai ya ƙi koyon abin da ba ya ɗaukar rabin sa'a, ya bar mata, ya bi ta da yabo. Irin wannan cutar ba ta da ofishin da ake kai ta, kuma gidaje nawa ne a ƙauyukan nan da labulensu fari tas, da wata Alida a ciki tana duban agogo?

Aka sake yi mata aiki a idon, don tantanin ya sake ɓallewa. Wannan karon Wilma ba ta nemi izinin kowa ba, ta sa aka riƙe Geertje a asibiti har Alida ta gama kwanciyarta. Amma an makara. Likitar ta ce jinkirin farko ne ya fi yin ɓarna, tashin ya ƙarasa. Gefen idon zai riƙa ganin haske da motsi. Tsakiyar kuwa ta tafi.

Ranar Lahadi bayan coci suka taru shan kofi a kicin ɗin Mama, har da Koen. Tineke ta kawo kek ɗin tuffa. Geertje tana bakin tagarta, ta rame, ta ƙara shiru. Alida ta bari aka zuba wa kowa, sannan ta faɗa musu yadda likita ta faɗa mata, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Tineke ta sa hannu a baki. Koen ya ce, "Kai, Alida. Kai." Egbert ya daɗe yana juya cokali a kofin da bai sa wa suga ba. Alida tana kallon sa da idon da ya rage, tana jira. Ba ta san me take jira ba. Wataƙila ya ce ta yi haƙuri. Wataƙila ya ce gobe zai kira Wilma.

Ya ɗago.

"Na hagun fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To, mun gode Allah." Ya saki numfashi. "Kina dai iya ganin lambar, ko?"

Kafin ta amsa Koen ya riga ya ciro waya, fuskarsa ta washe, ya samu abin da zai yi. Ya ce ya taɓa ganin wani ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa irin wannan alƙalamin, musamman don masu raunin gani. Ya lalubo shi, ya juyo da wayar yana nuna wa kowa. Tineke ta ce kai, amma masu ƙirar nan sun yi tunani. Egbert ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai.

"Na yi miki oda," in ji Koen. "Talata zai iso. Kada ki ce komai, kyauta ce."

Tineke ta yanka kek ta miƙo mata. Alida ta kai hannu ta kama iska a gefen farantin, ta sake kaiwa sannan ta same shi. Ba wanda ya ce ya gani. Ta ajiye shi ba ta taɓa ba, don lokacin allurar rana ya yi, ta tashi ta je ta wanke hannu.